Kwat ɗin Kakan Leland

A Kwalejin Aldersby, a zamaninmu, babu abin kunyar da ya kai a ga mutum da sabon kaya. Ka faɗi jarrabawa, a ce ƙuruciya ce. Ka kifar da kwalekwalen kwaleji a tsakiyar kogi, a yi dariya a saya maka abinci. Amma ka fito da riga mai karin guga, sai a bi ka da kallon tausayi kamar wanda aka yi wa rasuwa. 'Ya'yan tsofaffin gidajen Boston ne suka cika wurin, kuma a wajensu duk wanda ya sayi kwat da kansa ya tona asirin cewa kakansa bai bar masa ba. Dole kwalar riga ta tsattsage, gwiwar hannu ta sha faci, jan wando ya koɗe da gishirin teku. Takalmi a naɗe shi da salatif, safa kuwa ba a sa ta ko ƙanƙara na zuba.

Cikin wannan duniya Leland Prusak ya faɗo daga Toledo, da akwatuna biyu shaƙe da sababbin kaya, wasu ko allurar kanti ba a zare musu ba. Ubansa shagon wanki da guga gare shi. Uwarsa, Dolores, mace ce da ko tsumman goge tebur sai ta sa masa sitaci. Leland bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Abin da ya faɗa wa kowa, tun ba a tambaye shi ba, shi ne kakansa Kyaftin Prusak ne, wanda ya zagaye duniya da jirgin ruwansa har teku ta gaji da shi. Gaskiyar magana, tsohon bai taɓa hawa wani ruwa ba sai na bahon wanki.

Burin Leland ɗaya ne, Kulob ɗin Agwagwa. Wani tsohon gida ne mai koriyar ƙofa a bayan ɗakin karatu, 'yan cikinsa na ɗaura koren laktaye mai zanen agwagi. Wanda ya shiga ba ya neman aiki har ya mutu, aiki ke nemansa. Hanyar shiga kuwa ɗaya ce. In ƙanƙara ta narke sai a yi walima a kan ciyawar gidan, masu neman shiga su zo cikin kwat ɗin kakanninsu, 'yan kulob su bi su ɗaya bayan ɗaya suna shafa hannun kwat suna shinshinawa. Wanda tasa ta fi tsufa da wari, shi ya fi asali.

Abokin ɗakinsa, Trip Hallowell, tun daga kakan kakansa 'yan Agwagwa ne. Yaro ne marar mugunta, sai dai lalaci ya yi masa katutu. Yana kwance a gado cikin rigar sanyin da ta fi gidan sauro ƙofofi, ya dubi kwat ɗin da Leland ya rataye.

"Mutumina, wannan ce ta Kyaftin ɗin?"

"Ita ce. Da ita ya ratsa guguwar da ta cinye jirage bakwai."

"To ai kuwa guguwar tana da ladabi. Ko maɓalli ɗaya ba ta taɓa ba."

"Adana ta aka yi. Mu a gidanmu muna da adana."

"Har da takardar kanti kuka adana a hannunta?"

Leland ya fizge takardar ya cusa a aljihu, ya ce kafin ranar walima Trip zai ga abin da ido bai taɓa gani ba. Ya ce abin da teku ta yi shekara hamsin tana yi wa kwat ɗin gidansu Trip, shi zai yi shi cikin zango ɗaya, don ita teku ba ta da ilimi.

Da samfefa ya fara. Ya kulle ƙofa ya durƙusa a kan kwat yana gurza gwiwar hannu, har maƙwabta suka zaci kafinta aka kawo. Kwat ɗin kuwa rabinta roba ce, irin wadda aka yi don ta fi mai ita daɗewa. Maimakon ta tsufa sai ta ɗauki ƙyalli. Da ya fita da ita, wani ya tsayar da shi a bakin ɗakin cin abinci ya gyara gashinsa yana duba gwiwar hannun kamar madubi.

Sai ya tuna da asu. Ai duk kayan asali sai ka ga asu ya huda su. Ya je sashen nazarin ƙwari ya tsara wa wata malama cewa bincike yake yi, ta ba shi kwalba cike da su. Ya zuba su a kabad tare da kwat ya rufe, ya tafi aji yana fito. Asun suka ɗanɗana robar nan, suka ga ba abincin mutunci ba ce, suka bi ta ƙarƙashin ƙofa suka bazu a benen gaba ɗaya. A can suka tarar da ulu na gaske, wanda ya sha shekaru, suka yi biki.

Leland ya zaci dukansa za a yi. Sai ga mutane na layi a ƙofar ɗakin suna yi masa godiya. Wani ya ɗaga rigar sanyinsa yana leƙensa ta cikin huda, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Toledo. Uwata ce ta saya min ita bara, kunya ta hana ni sawa. Yanzu dubi, kamar an tono ta daga kabari." Duk abokan takararsa sun ƙara shekara talatin na asali a kyauta, tasa kwat ɗin kuwa tana rataye tana sheƙi.

Trip ya ce, "Ko ƙwaro ya san ɗan gida."

"Rufe min baki. Ara min motarka."

Ya ɗaure kwat da igiya a bayan motar Trip, ya yi ta zagaye filin ƙwallo da ita. Karen shugaban kwaleji ya hango abu na gudu a ƙasa, ya ce da wa aka haɗa shi, ya bi ya cafke. Leland na ja, kare na ja, 'yan mata na tafi daga kan benci. Daga nan ya kai ta bakin teku ya jiƙa, ya binne ta a bayan ɗakin motsa jiki har ta yi funfuna, ya tono ta, ya ba wani mai shan lofe ya yi ta busa mata hayaƙi. Ya yi wa wando da riga da takalmi irin wannan hidima. Kuma a gaskiya, don kada mu ci amanarsa, abin ya yi. Ranar da ya gwada su, Trip ya tashi zaune, abin da ba kasafai yake yi ba, ya shinshina ya yi tari.

"Kai, wannan wari ne na mutanen kirki. Winky zai so shi."

Winky Sayle shi ne shugaban kulob, dogo mai magana ta hanci, wanda bai taɓa buɗe haƙoransa ba in yana zance. Tun daga ranar Leland ya fara gaisa da mutane da yatsa biyu. Ya gaya wa mai aski ya riga ya shiga kulob, ya gaya wa masu dafa abinci, ya zaɓi kujerar da zai riƙa zama kusa da murhun kulob.

Abin da ya manta shi ne, walimar ta faɗo a makon ziyarar iyaye. Ana gobe walima Dolores ta sauka da tukunyar firogi, abincin gidansu, a rungume, Leland kuwa yana aji. Trip ya buɗe mata ɗaki ya koma barcinsa. Ta buɗe kabad don ta jera wa ɗanta tawul, ta ga abin da ke ciki, ta dafe ƙirji. Sai da ta zauna ta yi kuka mai isarta, ita a ganinta yaron nan wahala yake sha a garin mutane yana ɓoye mata. Sannan ta share hawaye, ta buɗe jakarta. Dolores ba ta zuwa ko jana'iza ba tare da allura da zare da ƙaramin dutsen guga ba.

Da Leland ya dawo da la'asar, ƙamshin sabulu ne ya tare shi tun daga matakala. Kwat na rataye, an wanke, an ɗinke cizon kare da ɗinkin da ko likita ba zai gano ba, an juya kwalar riga, an ɓare salatif an shafa wa takalmi mai. Karin wando kuwa zai iya yanka burodi.

"Mama, me kika yi?"

"Ba sai ka gode ba, ɗana. Me ya sa ba ka faɗa mana ba? Da babanka ya ga wannan, da ya faɗi."

"Mama, wata da watanni nake aikin nan."

"Na ga alama. Har ƙasa na samu a aljihu, da tsutsa. Ga safa na sayo maka, na ga duk yaran nan ba su da ita. Shi ma wannan na kan gado, in ya tashi ya ba ni rigarsa. Ba shi da uwa ne?"

Trip ya ja bargo ya rufe rigarsa da hannu biyu.

Da gari ya waye ba sauran lokacin kare ko teku. Leland ya ce ai dabara ba ta ƙare wa mai ilimi. Ya buɗe gaban motar Trip, ya tsiyayi ruwan batir a kofi, ya yayyafa wa kwat da riga da wando. Ya jira, bai ga komai ba. Ya ƙara. Bai ga komai ba, sai ya juye sauran duka, ya shanya su a taga. Da suka bushe suka yi wani irin launi na tsufa mai ban sha'awa, ya sa ya fita yana taku ɗai-ɗai.

Ciyawa ta cika da iyaye da 'yan mata da 'yan kulob riƙe da kofuna. Masu neman shiga suka jeru, yawancinsu cikin kayan da asun Leland ya gyara musu. Winky ya biyo layi har ya iso kansa.

"Prusak. Ba mu san gidan ba."

"Mutanen teku ne, ranka ya daɗe. Ba mu cika zama a tudu ba. Wannan kwat ɗin da kake gani, kifi ya taɓa haɗiye ta da kakana a ciki."

"To, bari mu ji."

Winky ya kama hannun kwat da yatsa biyu ya ɗan murza. Hannun ya biyo shi. Ya tsaya riƙe da shi yana dubawa, Leland ya ce, "Ka gani? Tsufa ke nan." Ya ɗaga kafaɗa don ya nuna ko a jikinsa, bayan kwat ya rabu biyu ya sauka a hankali. Ya sunkuya zai ɗauka, wando ya yi bankwana. Iskar kogi ta taso ta kwashe rigar guntu-guntu, ta kai wasu cikin kwanon miyar kifi. Kafin a ce haka, Leland na tsaye a tsakiyar ciyawa daga shi sai singileti da gajeren wando.

Kowa ya zuba masa ido. Ba tsiraicin ne ya dame su ba, 'yan Agwagwa sun saba ganin wanda ya fi haka bayan wasan kwalekwale. Singiletin ce. Fara fat, sabuwa dal, da karin guga a tsakiya. Winky ya shafa bakinta, ya shinshina yatsunsa, ya juya ga jama'arsa cikin jimami.

"Sitaci," in ji shi.

Daga bayan taro aka ji muryar Dolores tana gaya wa wata matar alƙali, "Ni na goge ta."

Wani da ya sha irin wannan sai ya bar garin. Leland kuwa ya gama karatunsa yana gaya wa kowa makirci aka yi masa, ya kuma rantse ba za a sake kama shi ta ƙarƙashi ba. Da ya fita sai ya buɗe kamfani ya sa masa suna Gadon Kaka. Sana'arsa ita ce ya sayi sababbin kaya ya lalata su ya sayar da tsada. Ya gina tafkin gishiri, ya yi kiwon asu, ya ɗauki karnuka aiki. Kowace kwat da sunan wani kakan ƙarya a ɗinke a wuyanta. Muka yi ta dariya, mutane kuwa suka yi ta saye. Kafin furfura ta fito masa, daga direban bas har mai cire haƙori, kowa a ƙasar yana yawo da tsattsagaggiyar kwala da takalmi mai salatif. Kullum yana cikin talabijin da hular kyaftin, yana ba da labarin kifin nan, wanda a lokacin ya girma ya kai girman coci.

Duk da haka in ya ga agwagwa, ko a kududdufi ce, sai ransa ya ɓaci. Yana da gidaje da jirgin ruwa na gaske, wanda ba ya hawa saboda amai, amma koren laktayen nan ya tsaya masa a rai.

Ana nan sai Trip ya buga masa waya. Ya ce taron tsofaffin ɗalibai ya zo, kuma a irin wannan taro kulob kan ɗauki mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka taɓa ƙi. Ya sa sunansa.

"Amma tsaya in gaya maka, mutumina, abubuwa sun ɗan…"

"Trip, ni za ka koya wa tsufan kaya? Ni na koya wa ƙasar nan."

Ya kashe waya. Ya tara ma'aikatansa ya ce a yi masa kwat ɗin da ba a taɓa yi ba. Aka rataye ta a jikin jirgin masunta har damina ta wuce, aka binne, aka tono, aka ba asu mafi asali. Wannan karon bai manta da ƙarƙashi ba. Singileti da gajeren wando su ma sai da suka sha tafki da kare. Ya gayyaci 'yan talabijin su zo su ɗauki ranar da tarihi zai gyara kuskurensa. Dolores, wadda ta tsufa har tana dogara sanda, ta ce ƙafarta ƙafarsa. A hanya ta yi ta kallon kwat ɗin tana shafa jakarta.

"Ɗana, ko sau ɗaya in bi ta da dutse."

"Mama, in kin taɓa ta, a nan zan sauke ki."

Ya shiga ciyawar nan da masu kyamara a bayansa, wari na yi masa jagora. Sai ya ja ya tsaya. Ga 'yan Agwagwa nan, sun yi tumbi sun yi sanƙo, kowannensu cikin farar riga sabuwa dal, kwala a tsaye, wando da kari, takalmi na ɗaukar ido. Da safa. Har Trip, wanda ke tsaye a takure kamar an sa shi a kwali.

Winky ya matso, har yau bai buɗe haƙoransa ba.

"Prusak. Kai ne ka ja mana wannan."

"Ni?"

"Na je ɗaurin auren 'yata cikin kwat ɗin kakana, aka miƙo min makullin mota aka ce in gyara fakin. Direbana na sanye da irinta sak, ta kamfaninka, har tasa ta fi tawa wari. To me ya rage mana? Yanzu riga sau ɗaya muke sawa. Ka san azabar sabuwar kwala a wuyan dattijo?"

Trip ya ce, "Na so in gaya maka, ka kashe waya."

"Al'ada dai tana nan," in ji Winky. "Kawo hannun."

Ya shafa, ya shinshina, ya juya ga jama'arsa. "Irin ta kowa."

Nan fa ido ya raina fata. Leland ya dubi kyamara, ya dubi koriyar ƙofa, ya ga laktaye na shirin wuce shi karo na biyu. Ya juya da sauri.

"Mama, dutsen yana nan?"

Dolores ta riga ta fito da shi. Shekara da shekaru take jiran wannan tambaya. Aka jawo wayar lantarki daga kicin, aka ture kwanukan da ke kan tebur, Leland ya tuɓe kwat da riga da wando ya shimfiɗa mata, yana ce wa Winky a ba shi ɗan lokaci kaɗan, yanzu zai ga sabon kaya. Dolores ta lashi yatsa ta taɓa dutse, ya yi cau, ta ɗora. Ma'aikatan Gadon Kaka ba sa ha'inci. Da ta ɗaga dutsen, rabin kwat ya biyo shi, sauran ya zama gari. Ta gwada wando, ya bi sahu. Rigar kuwa tururi kawai ta ji ta watse.

Leland ya sake samun kansa a tsakiyar ciyawar nan, a daidai wurin da ya tsaya yana saurayi, sai dai yanzu da tumbi da 'yan talabijin. Trip, don ya taimaki abokinsa, ya ce, "Winky, duba singiletin. Wancan karon sabuwa ce. In har yanzu sabuwa ce, ai ya ci."

Kowa ya matso. Singiletin ta yi ruwan ƙasa, asu ya yi mata tagogi, ga shatin haƙoran kare a gefen cibiya. A wuyanta an ɗinke sunan Kyaftin Prusak. Winky bai ko kai hannu ba, ya gyara laktayensa ya koma wajen miya.

Dolores ta naɗe wayar dutsenta a hankali ta mayar jaka. Ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa, ta karanta sunan da ke wuyansa, ta girgiza kai.

"Kakanka dai ko a akwatin gawa da karin guga aka sa shi. Ɗauko min sandata mu tafi, akwai safa a mota."